Takardar Da Aka Karanta A Ɗakin Cin Abinci

Wata biyar ban rubuta komai a shafina ba. Waɗanda suka san ni sun san ko a aji ba na ɗaga hannu. Yau dai zan yi magana.

Tun ina aji huɗu ciwon ya fara. In na ci abinci cikina ya kumbura, in yi ta gyatsa, ƙirjina yana zafi kamar na haɗiyi garwashi. Mama ta riƙa sayo mini maganin olsa a kemis ɗin unguwarmu a Zuru, ina sha kullum da safe. Ya lafa, ya dawo.

Makarantarmu ta kwana ce, kuma duk Asabar muna noma a gonar makaranta. Da na duƙa da fartanya sai amai. Matiron, wato malamar da ke kula da ɗakunan kwananmu, ta ce lalaci ne.

Da kukana ya ishe ta, ta tura ni gwajin bayan gida. Sakamako ya ce babu komai.

Ba ta kira ni ofis ba. Ɗakin cin abinci ta kawo takardar, ta sa na miƙe, ta karanta wa kowa. Ta ce, "Kun ji ko? Lafiyarta lau. Ku tafa wa 'yar fim."

Suka tafa. Har Saratu, wadda muke raba sabulu da ita.

Daga ranar sunana ya koma 'Yar Fim. Na daina faɗa wa kowa ina ciwo. Na rame har siket yana zame mini, na fara tsoron ko mutuwa zan yi ana mini dariya.

Da hutu Kawu Bitrus, ƙanen Mama, ya zo daga Ribah. Ya kalle ni ya ce wa Mama, "Yaya, wannan yarinyar ce kuke cewa lafiyarta lau? Ke, hau babur." Ya kai ni asibiti.

Likita ta duba tsohuwar takardar, ta yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Lokacin gwajin nan kina shan maganin olsa?"

Na ce har safiyar ranar na sha.

Ta ce, "To shi ne. Maganin yana ɓoye ƙwayar cutar, gwaji ya kasa ganinta. Ki bar shi sati biyu, ki dawo."

Satin biyun nan na sha wuya. Da aka sake gwaji, sai ga ta: H. pylori, ƙwayar cuta mai zama a tumbi. Na yi kuka a bakin ɗakin gwajin, ba don tsoro ba.

Mama ta sayar da dawar da ta ajiye, ta sayi magani. Iri uku, safe da yamma, kwana goma sha huɗu. Bakina ya yi ɗaci kamar ina tsotsar ƙusa, ga gudawa. A rana ta shida na ce na gaji. Mama ta ce, "Shanye, ko ba don ni ba, don ki koma ki kalli idon matar nan."

Na shanye tas. Bayan wata guda aka sake gwaji, babu ita. Jiya na ci tuwo da miyar kuka har da ƙari.

Na gode wa Allah, da Mama, da Kawu, da likitar da ta tambaye ni kafin ta yanke hukunci.

In cikinku ya daɗe yana damunku, ku je asibiti, ku faɗi duk maganin da kuke sha kafin a gwada ku. In an rubuta muku magani, ku shanye ko kun ji sauƙi, ku koma a sake dubawa.

Matiron ta aiko ta hannun Mama, wai a yi haƙuri, a bar maganar. Fasto ma ya ce in yafe. Zan yafe ranar da ta miƙe gaban 'yan matan nan ta ce ban yi ƙarya ba. Kafin nan ban yafe ba.

Malama Matiron, na san 'yarki tana bin shafina. Ina so ta karanta miki wannan, da ƙarfi, kina tsaye.