Kofin Inabin da Ya Kai Ni Birmingham

Asubar Asabar muka fito, ni da maƙwabciyata Hajiya, gari bai gama wayewa ba, ga yayyafin Manchester ɗin nan da ba ya jiƙa mutum sai ya yi nisa da gida. Ku da kuka san ni kun san ba na son tafiya. Daga gida sai gidan tsofaffin da nake aiki, sai coci, sai shagon da nake sayen garin masara a Stockport Road. Shekara goma sha ɗaya ina unguwar Levenshulme, ban taɓa taka Birmingham ba. To me ya fitar da ni? 'Yata ce.

Bari in faɗa muku abin da na ɓoye fiye da shekara. Da 'yata ta fari tana aiki a laburaren council, wato hukumar gari, har aka shiga wannan tsuke bakin aljihu na gwamnati, aka rage ma'aikata, aka haɗa da ita. Ta yi wata bakwai tana cike takardu. Daga baya ta samu aiki a Birmingham, a wani ƙaramin shagon sayar da giyar inabi. Ni kuwa duk wadda ta tambaye ni a zumuntar mata sai in ce tana aikin kanti. Ban taɓa sa wa aikin albarka ba. In ta fara labarinsa a waya, sai in tambaye ta ko ta ci abinci. Makon jiya ta kira ta ce matar da ke noma inabin, take kuma haɗa giyar da kanta, za ta zo daga Faransa, kuma ita 'yar tawa aka ba jagorancin ɗanɗanon, karo na farko. Ta ce, "Mama, ki zo sau ɗaya ki gani. In kin gani kin ce in bari, Litinin zan ajiye aikin." Na san 'yata. In ta faɗa, ta gama.

Hajiya kaɗai ta san sirrin. Da ma tana son zuwa ganin ƙanwarta a unguwar Small Heath da ke Birmingham ɗin, sai muka haɗa tafiya. Muka hau bas zuwa cikin gari, ina ƙirga shagunan da aka rufe a hanya, har da wanda nake kai ɗinki. Tikitin motar zuwa Birmingham fam tara ne, don mun saya tun da wuri. Jirgin ƙasa kam, da na ji kuɗinsa sai na ce a gaishe shi.

Hanya shimfiɗaɗɗiya, amma rabinta gyara ake yi. An jera robobin nan masu jan launi kamar ba za su ƙare ba, ma'aikaci ko ɗaya ban gani ba. Gefe da gefe filaye kore shar, tumaki sun yi ƙiba har ba sa ɗaga kai. Hajiya ta ce da a ce ita ke da guda uku cikinsu, layya ta kammala. Da aka tsaya a wurin hutawa na je sayen shayi, aka ce kusan fam uku. Ruwan zafi da ganye! Na dawo muka buɗe fulas ɗinmu da cincin. A nan ne Hajiya ta dube ni ta ce, "Maman yara, ni ba na sha, ba na sayarwa, ko ƙofar shagon ba zan taka ba. Amma yarinyar nan tun tana firamare nake ganinta, ba ta da kwaramniya. Ki buɗe idonki kafin ki buɗe bakinki."

Small Heath kuwa kamar ka sauka wata unguwa a Kano, sai dai sanyi. Masallatai, mahauta, ƙamshin gasasshen nama, mata da jalabiya suna tura keken jarirai. Ƙanwar Hajiya ta tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar taushe, har da man shanu. Na ci na ƙoshi, don na san abin da ke gabana ba ya son cikin da babu komai. Bayan azahar na bar su, na hau bas ni kaɗai, da takardar kwatance a hannuna.

Shagon ɗan ƙarami ne, bai fi falona ba. An jera kujeru wajen goma sha biyar, kowa da kofuna biyu a gabansa, da burodi, da ruwa, da wani ɗan bokiti. 'Yata na gaba, ta ɗaure gashinta, muryarta na ɗan rawa. Kusa da ita ga Bafaranshiyar. Na zaci zan ga wata mai ƙwalisa da dogon takalmi. Ashe tsohuwa ce gajera, da rigar sanyi da ta sha wanki. Hannayenta na fara kallo: sun tsattsage, farcen ya rine. Hannun mai aiki ne. 'Yata ta yi bayani cewa gonarsu ƙarama ce, ita da mijinta ke yin komai, kuma manyan kamfanoni sun sha neman sayen inabinta ta ƙi.

Aka zuba farin inabin a kofi na farko. Jama'a, na ga abin mamaki. Kowa ya juya kofi, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya kuskure baki kamar mai ciwon haƙori, sannan ya tofar a bokiti. Abin da suka biya kuɗi! Ni dai na riƙe kofina ban sha ba. Aka zuba jan a kofi na biyu, shi ma na ajiye. Na ga 'yata ta kalli kofunana a cike, fuskarta ta faɗi, ta rasa inda ta tsaya a maganarta. Ita a ganinta na yanke hukunci ke nan.

Alhali ba haka ba ne. Ni jira nake. A wajenmu, wadda ta dafa giya ita ke fara kurɓa a cikin ƙwaryar kafin ta miƙa wa baƙo. Ba a shan abin da mai shi bai taɓa da bakinsa ba. Ga mai shi a tsaye, ba ta sha ba, yaya zan riga ta? Shekara talatin rabona da irin wannan wuri, amma hannuna bai manta ba.

Tsohuwar ce ta lura. Ta zo ta tsaya a gabana, ta tambaye ni da Turancinta mai ɗingishi irin nawa ko ƙamshin ne bai yi mini ba. Na yi mata bayani, inda na kakare 'yata ta cike. Sai tsohuwar ta ɗauki kofina na farin, ta kurɓa, ta haɗiye, ta miƙo mini da hannu biyu. Hannu biyu fa, ba wanda ya koya mata.

Na sha. Farin yana da sanyi da ɗan tsami mai tsabta, kamar gwaibar da ba ta gama nuna ba, ƙamshinsa kuma irin na dutse in ruwan farko ya sauka a kansa. Ta kurɓi jan, ta ba ni. Shi kuma nauyi gare shi, kamar zoɓon da ba a sa wa sukari ba, da ɗanɗanon ɗinya, sai bauri irin na goro da ke riƙe harshe daga baya. 'Yata ta raɗa mini, "Mama, za ki iya tofarwa." Na ce Allah ya kiyaye, mace ta shekara tana wahala a kan abu in tofar a gabanta?

Na tambayi tsohuwar yadda take sanin abin ya yi. Ta yi dariya, ta ce akwai na'urar awo, amma ita kunne take karawa a jikin ganga. In yana ƙara kamar ana soya abu a nesa, da saura. In ya yi shiru, ya kai.

Nan hawaye ya zo mini. Na juya wajen 'yata na ce mata da Hausa, "Haka kakarki take yi." Ta ce, "Wace kaka?" Na ce wadda ta haife ni. Burukutu take dafawa a ƙauyenmu. Da sassafe takan durƙusa ta kara kunne a randa, ta ce mu yi shiru tukunya na magana. Da wannan dawar ta ciyar da mu shida bayan rasuwar babanmu, da ita na yi 'yan ajin da na yi. Yara na kirana 'yar mai burukutu, na ji kunya, na girma na binne zancen, ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Ashe ba aikin 'yata nake gudu ba.

'Yata ta fassara wa tsohuwar, ita ma tana share ido. Tsohuwar ta kama hannuna ta riƙe, ta tambayi sunan mahaifiyata, ta maimaita shi sau biyu har ta iya. Daga nan 'yata ta koma gaba ta ci gaba da bayani, muryar nan ta daina rawa. Ni da nake da kunnen jin mutane, na ji yarinyar ta san abin da take faɗa.

Da aka tashi ta rako ni bakin titi. Ta ce, "To Mama, Litinin fa?" Na ce, "Litinin ki tashi da wuri, kada ki makara. Allah ya sa albarka. Amma ki riƙa cin abinci kafin ki fara wannan kurɓe-kurɓen."

Na koma wajen Hajiya, muka biyo motar yamma. Hajiya ta kalli fuskata ta ce ba sai na ba ta labari ba, sannan ta matsa can jikin taga, wai kada in yi mata numfashi. Muka yi ta dariya har muka wuce tumakin nan. Mun iso Levenshulme shagon kan kwana bai rufe ba, na sayi madara na shiga gida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba yawa gare shi ba. Ban zama mashayiya ba, kwalbar da tsohuwar ta ba ni da za mu rabu tana kan kabad, kuma na san abin da giya ta yi wa wasu gidaje, ban manta ba. Amma na gane na shekara talatin ina jin kunyar hannun da ya ciyar da ni, har na kusa ɗora wa 'yata kunyar. Jiya Lahadi, bayan sujada, wata a zumuntar mata ta tambaye ni wane irin kanti ne yarinyar ke aiki. Na ce na giyar inabi ne, kuma kunnen kakarta ta gado.