Dattijo da Ganyen Rama a Al-Naseem

A wajen masu sayar da shuke-shuke na Al-Naseem na hango shi. Dattijo ne siriri, rigar direba a jikinsa, tsohuwar zanna a kansa. Ga shi yana zaro wani ganye daga aljihu a hankali. Ganyen mai yatsu biyar ne, ya yi rawaya, bakinsa a ƙone.

Mai shagon, wani Balarabe, ya ja da baya yana waige-waige. "Hashish?"

"Wallahi rama ce, ya sheikh!" in ji dattijon. "Kwaɗonta ake yi!"

Jin Hausa ya sa na matso da sauri. Dattijon ko a jikinsa, alhali zargin wiwin nan kaɗai ya isa ya raba shi da iƙama, takardar zamansa a ƙasar Larabawan nan. Ɗaga ganyen yake yi saitin rana, yana bin jijiyoyin da yatsa.

"Duba nan, ɗana. Na ƙasa ne suka fara rawaya, yunwar taki ce. Ƙunar bakin kuwa gishirin ruwan garin nan ne."

Ina jin a bokitin fenti yake nomanta, saman gidan kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, da irin da aka ƙullo masa daga gida.

"Za ta tashi kuwa, Baba?"

Ya washe baki. "Kai dai nemo mana ƙuli-ƙuli!"