Man Kaɗanyar Ladidi

Ku matso kusa, ku sababbin ma'aikata, ku ji wani abu. Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Malam Haruna a amalanke ba, ana tsakiyar girbin gero.

Ni dai ba likita ba ce. Aikina a ƙaramin asibitinmu na wajen Ɗanzomo shi ne shara da jera marasa lafiya a benci. Babbanmu Malam Sabo ne, incaj, wato mai duba kowa tunda ba mu da likita. Ranar masu ciwon suga shi yake soka musu yatsa ya auna jini, masu allura kuma ya ba su kwalbar insulin su je gida su riƙa yi.

Malam Haruna tsohon direban gingimari ne, ya sha hanyar Maigatari zuwa Damagaram. Ga barkwanci, amma allura ta gundure shi. Matarsa Ladidi ce take yi masa, kullum a cinya guda, har wurin ya yi tauri.

"Yaya Asabe," takan ce mini, "da na ɗauko sirinji sai ya juya fuska bango. Wallahi kamar ni ake sokewa."

Wata rana Malam Sabo yana hira da mai ba da magani a bakin taga. Ya ce ya gani a waya, masana na gwada wani mai mai yauƙi, a shafa a fata, maganin suga ya riƙa shiga jiki a hankali, ba allura. Ya ƙara da cewa gwaji ne, bai fito ba. Ladidi na kan benci, tana ji.

To, kun san mu. Yaro ya yi zazzaɓi, a kwaɓa magani da mai a shafe shi. Ƙafa ta kumbura, a shafa. Ladidi ta ce me za ta jira? Ta riƙa zuƙo ruwan allurar tana kwaɓawa da man kaɗanya, tana mulke masa ƙirji da baya safe da yamma. Malam Haruna ya ji daɗi har da sa mata albarka. Ƙishirwa da yawan fitsarin da suka taso, suka ɗora wa zafin rana.

Ranar nan da aka sauke shi daga amalanken, leɓɓansa sun bushe, numfashi sama-sama, bai gane kowa ba. Aka auna, na'urar ta kasa nuna lamba don yawan sugan.

"Yaushe rabonsa da allura?" in ji Malam Sabo.

"Ai yana samun maganinsa, Malam, ban taɓa tsallakewa ba." Ta kwance haɓar zaninta ta miƙa masa ɗan gwangwani.

Ya buɗe, ya shinshina. "A ina kika ji wannan, baiwar Allah?"

"A bakinka, Malam."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi mata faɗa ba. Ya sa wa mara lafiya ƙarin ruwa, ya nemo mota, ya raka su babban asibiti a Gumel da kansa. Daga baya ya zaunar da ita ya ce fata ba ta barin wannan magani ya ratsa haka kawai, abin da masanan ke ta fama a kai ke nan. Ya kuma koya mata sauya wurin allura, yau ciki, gobe cinya.

Allah Ya yi da sauran kwana. Malam Haruna ya dawo a rame, yana dogara sanda. A gabana ya ce, "Ladidi, hannunki ya fi allura daɗi, amma ɗauko allurar."

Har yau in ta zo sai ta raɗa mini, "Yaya, man nan ya fito?" In ce tukuna.

Abin da na koya ke nan: wanda ya gaji da ciwo ba ya jin "tukuna", "akwai" kawai yake ji. Kai da ke hira a bakin taga, ka duba wanda ke zaune a benci kuwa?