Motar da za ta ja ɗakin Baba

Shekarun baya, lokacin ina kan ganiyar safarar takalma tsakanin Guangzhou da Kano, na sayi wani abu tun ban san da me zan ja shi ba.

Mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya a hanyar Kano zuwa Damagaram, wani lokaci har Agadas. Da ya ajiye tuƙi sai hawan jinin ido ya kama shi. Likita bai ɓoye mana ba: ganin zai yi ta tsukewa daga gefe har ya rufe, magani jinkirta shi kawai zai yi. Baba bai taɓa roƙona komai ba. Sai wata rana a waya ya ce, kamar mai zancen farashin goro, "Da zan ƙara ganin hanyar Damagaram sau ɗaya, da na ji daɗi." Matsalar ita ce bayansa ba ya jure dogon zama, in ya yi awa guda a mota sai ya nemi wurin miƙewa. Ga shi kuma mutum ne da ba ya kwana a gidan kowa.

Bayan kwana kaɗan na raka abokina, wani mutumin Maraɗi da muke zama bene ɗaya a unguwar Sanyuanli, zuwa Panyu duba kantocin jera kaya. A jikin masana'antar da muka je akwai wata da ke ƙera ɗakunan tafi-da-gidanka, irin waɗanda ake ɗaurawa a bayan mota. Na leƙa ɗaya don kallo kawai. Gado biyu, banɗaki, murhun gas, tankin ruwa, har da wurin da mutum zai shimfiɗa darduma. Ina tsaye a ciki na hango Baba kwance a gadon nan, ƙofa a buɗe, yana kallon titi. Ban fito ba sai da na gama yanke shawara.

Mai masana'antar, wanda muke kira lawban kamar yadda ake kiran duk wani mai gida a can, ya nuna mini iri uku. Na ce babban nake so. Ya rubuta wani abu a wayarsa, ta fassara mini: "Wace mota ce za ta ja shi?"

Na ce akwai mota. Ina da wata lafiyayyar salun a gida.

Ya nemi hotonta, na nuna masa. Ya kalli hoton, ya kalli ɗakin, ya girgiza kai. "Meyo, meyo," wato babu. Ya ja hannuna zuwa wani ɗan ƙarami mai gado ɗaya, ya ce wannan ne daidai da motata.

"Wannan akurkin kajin zan saka mahaifina?" na ce wa abokina.

Ya ce, "Kai Bakano, mutumin nan shi ya ƙera abinsa. Ka saurare shi mana."

"Shi ya ƙera, amma bai taɓa ganin motar Ɗanbatta ranar kasuwa ba. A wurinmu mota ba ta cika."

Haka na yarda har zuciyata. Na tashi ina ganin ƙaramar mota da buhu goma a bayanta, mutum huɗu a gaba, akuya a sama, kuma tana isa inda za ta. Abin da na auna ɗaya ne, wanda sana'ata ta koya mini: na zaro tef, na gwada tsawo da faɗi da tsayi, na tabbatar zai shiga dogon kwantena. Ya shiga. Na ce a ɗaure mini.

Da magariba, lokacin hantsi ne a Kano, na kira Baba ina cika ina batsewa. Ya bar ni na gama yabon gado da banɗaki, sannan ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Nawa ne nauyinsa?"

Na gaya masa yawan filin da zai ci a kwantena.

"Alhajin Caina, nauyi na tambaye ka, ba faɗi ba. Ko auduga ka saya?"

Ban sani ba. Ni da nake alfaharin ba a taɓa sayar mini da takalmi ƙafa ɗaya ba, sai da na koma na tambayi lawban. Nauyin ya doshi tan biyu, ba ruwa a tanki, ba tukunyar gas, ba buhun shinkafa ko ɗaya. Da na faɗa wa Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har da tari.

Ya ce, "Ja ba shi ne aiki ba. Motarka za ta ja shi, ko jaki ma ya motsa shi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Tsayawa ake ji. Ranar da saniya ta fito maka a gangare ka taka birki, abin da ke bayanka ne zai zama direba, kai kana yaron mota. Kuma in ya danne mata baya, gaba ya ɗaga, sitiyarin hannunka ya zama faifai."

Daga ranar muka shiga neman mota. Ɗakin ya hau jirgin ruwa ya tafi, ni kuma duk ranar da na samu sarari daga Zhanxi, inda nake sarin takalma, sai in shiga filayen masu sayar da motoci in ɗauki hotuna in tura gida. Da magariba in kira. A shekarun da na yi a Caina ban taɓa magana da mahaifina kullum ba sai a wannan lokacin. Da, gaisuwar Juma'a ce, minti biyu, "Ya jiki, ya kasuwa," shi ke nan. Yanzu kuwa sai mu yi awa guda, shi malami ni ɗalibi.

Ta farko wata jif ce baƙa mai ƙyalli, wadda in ka shiga biki da ita sai an tashi an ba ka kujera. Baba ya sa na durƙusa na ɗauko masa hoton ƙarƙashinta. Ya ce ba ta da shasi na kirki, jikin ne kawai aka haɗe, ƙugiyar ja ba za ta sami ƙashin kamawa ba. "Amarya ce wannan, a bar ta ta je biki." Ta biyu tana da ƙarfi amma gajera ce, ya ce in babbar mota ta gifta mu iska za ta kaɗa ɗakin, ɗakin ya kaɗa motar kamar wutsiya tana kaɗa kare. Ta uku na ƙwallafa rai a kanta sosai, doguwa, mai cin dizal, lagiretonta babba, takardarta ta nuna za ta ja fiye da nauyinmu da rara mai yawa, har da wurin haɗa birkin ɗakin da nata. Na tura wa Baba, na ce yau dai na ci jarrabawa. Sai ya ce, "In famfonta ya mutu a Matamai, wa ke da shi? Ka taɓa ganin irinta a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa?" Ban taɓa ba.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na bincika daga baya ban sami kuskure ko ɗaya ba. Amma akwai abin da ban lura da shi da wuri ba. A farko yakan ce, "Na ga tayar nan ta ci gefe ɗaya." Bayan wata biyu ya koma cewa in turo hoto mai haske. Daga baya sai in ji yana cewa, "Hajiya, duba mini, dogon baya gare ta ko gajere?"

Mahaifiyata ce ta karɓi wayar wata rana, ta fita tsakar gida. Ta ce, "Kai, ka zo ka kai shi ko a motar haya ce. Jiya ya zuba shayi a gefen kofi."

Na ce, "Hajiya, a motar haya a ina zai kwanta? Ki bari in gama lodin takalman salla, in na sake su yanzu kakar ta wuce ni. Sati uku ne."

Abokina yana zaune yana jin mu. Da na ajiye wayar ya ce, "Ka bar mini lodin ka tafi. Ko kana tsoron in sace maka silifa?"

Na yi dariya na ce ba a ba Bamaraɗe ajiyar kaya. Wasa na yi, amma ban tafi ba. Gaskiyar ita ce ban saba barin kayana a hannun kowa ba, kuma ina so in kai Baba a cikakken shiri, yadda duk wanda ya gan mu zai san ɗansa ya isa. Sati uku ya zama wata biyu, don masana'anta ta makara, sannan jirgi ya ɗaga rana.

Motar da muka ƙare da ita ba daga Caina ta fito ba. Wata tsohuwar a-kori-kura ce mai gida biyu, ta wani tsohon abokin aikin Baba, tana nan Kano tun farko, tafiyar minti ashirin daga gidanmu. Makanike ya ɗaura mata ƙugiya a jikin shasi, ya haɗa birki, aka yi wa Baba ɗan matakalar hawa. Sai dai ranar da na sauka, da na durƙusa gaishe shi, hannu ya miƙo yana laluben kaina. Haske da duhu kawai suka rage masa.

Na ce a fasa tafiyar. Ya ce, "Ka sha man mota, ka ce a fasa? Tashi mu je."

Muka yi kwana uku a abin da yake yi a yini ɗaya. Motar ba ta ko yi nishi ba. Duk awa in tsaya a inuwa, ya shiga ɗakinsa ya miƙe, mahaifiyata ta dafa shayi. A hanya yana gaba kusa da ni, ya ce in riƙa faɗa masa duk abin da na gani, kada in tsallake komai. Na yi ta faɗa: gonar gero, raƙuma biyu, masallaci mai koren fenti, mata a bakin rijiya.

Bayan mun ƙetare iyaka da ɗan tafiya ya ce in rage gudu. "Nan gaba kaɗan, hannun dama, akwai wata tsamiya babba. A ƙarƙashinta muke sauke zafin inji, wata tsohuwa tana dama mana fura. Ka gan ta?"

Na duba. Gidan mai ne a wurin, da shagon cajin waya. Na so in ce tana nan. Bakina ya ƙi.

"Baba, babu ita. An yi gidan mai."

Ya juya fuskarsa hannun dama. Sannan ya gyara hularsa ya ce, "To, kai ne ba ka gan ta ba. Ni ga ta nan ina kallo. Tsaya mu sha inuwa."

Na faka a gefen gidan man, rana tsaka, ba ko ganye ɗaya a kanmu. Muka zauna kusan rabin awa yana ba ni labarin mutanen da suke tsayawa tare, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shi ma bayan shekara biyu ya bi su, Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Masu tambayata shawara kan irin wannan ɗaki, abin da nake ce musu kaɗan ne. Ka fara sanin abin da motarka za ta iya tsayarwa, sannan ka zaɓi abin da za ka ɗaura mata, kuma ka lissafa da ruwa da abinci da mutanen ciki. In tafiyar don wani ce, ka tuna shi ma yana da nasa lokacin, kuma lokacin ba ya jiran shirinka. Ban ce na daina jin ciwon watannin nan ba. Na dai daina yi wa kaina shari'a a kansu, tunda shi bai taɓa yi mini ba.

Har yanzu ina zuwa Guangzhou, sau biyu a shekara. Wani lokaci in ina cikin tasi a doguwar hanya, sai in ji bakina yana motsi shi kaɗai: ga gada, ga kogi, ga wata tsohuwa da kwandon lemo. Direba ya kalle ni ta madubi, yana zaton da shi nake.