Ƙarfen da Baba Ya Shayar

Wata Alhamis ce ana tsakiyar tsinkar auduga, a shekarar da nake aji huɗu, can ƙarshen shekarun sittin, Yaya Idrisu ya shigo ƙauyenmu na gefen Abu Hujar da wata 'yar mota ja marar rufi. Ina tsugune a bakin maƙerar Baba ina tsince gawayi, sai na ji yara sun ɗauki sowa daga wajen rijiya. Kujera biyu kacal gare ta, cikinta kuma kamar zai shafi ƙasa. Wani Bature mai aikin madatsar ruwa a Rusairis, inda Yaya yake tuƙi, shi ya sayar masa da ita da zai koma ƙasarsu. Bututun hayaƙinta ya riga ya tsinke a hanya, an ɗaure shi da waya. Inna ta fito hannunta duk ƙullun kisira, wainar dawarmu mai faɗi, ta zagaya motar, ta ce, "Wagga ko buhun dawa guda ba ta ɗauka," ta koma bakin murhu abinta.

Ni a lokacin ba mota ce a gabana ba. Jarrabawar shiga makarantar wusɗa, wato midil, ta matso, a Sinja ake yin ta, kuma yarinya irina sau ɗaya take samun wannan dama. Da asuba na ɗebo ruwa a kogi, na share tsakar gida, na kora awaki, sannan na ruga makaranta ƙafata duk laka. Da yamma mu bi layin auduga da buhu ɗaure a ƙugu har yatsu su tsattsage. Idan ƙawayena sun zauna carafke ƙarƙashin darbejiyar makaranta, ni ina gefe ina zana lissafi a ƙasa da tsinke, har suka raɗa mini suna "Akawu". Ban damu ba, don na san na fi kowa a ajin. Ustaza Nafisa, malamarmu, takan dafa kaina ta ce, "Hajara, ke dai ki kai kanki Sinja, sauran mai sauƙi ne."

Matsalar motar Yaya ita ce hanyarmu. Ƙasarmu baƙa ce, da damina lori-lori su yanka ta, da rani ramukan su bushe su yi tauri, tsakiyar hanya ta tashi tudu. Duk inda motar ta bi sai ka ji cikinta yana karta. Samari suka fara yi masa dariya, suna kiran ta kwaɗo. Yaya kuwa bai iya haɗiye dariya ba. Ya tafi Sinnar ya ba da ƙafafunta duka, har da ta ajiya, ya karɓo wasu manya masu faɗi na wata motar daji. Da aka zo ɗaurawa, ramukan kusoshi ba su yi daidai ba. Baba ya ɗauki kurfi da magagari ya faɗaɗa su, suka shiga. Da suka shiga kuma sai tayoyin baya suka riƙa gogar jikin motar. Ashe sai an ɗaga bayanta, wato a ƙara tanƙwara sifirin, jerin fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da jikin mota a kan ƙafafunta, a kuma ƙara masa falle.

Nan aikin ya faɗo hannun Baba, ya kuwa yi murna ƙwarai. Duk rayuwarsa da tsohon sifirin lori yake ƙera fartanya da lauje da wuƙa, har daga Abu Na'ama ake zuwa saye. Ga shi yau an kawo masa sifirin ba don ya yanka ba, don ya gyara. Maƙera ta cika da 'yan kallo. Zuga-zugi na huci, masaba na sauka, fallen ya yi ja ya lanƙwashe yadda ake so. Da Baba ya jawo kaskon ruwa, Yaya ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, usta, babban makaniken Sinnar, ya ce kak a tsoma shi ruwa, karyewa shikai." Baba bai ko ɗago ba. "Mi usta ya sani ga ƙarhe? Tun ba a haihe shi ba nike shayar da ƙarhe." Ya tsoma shi yadda yake tsoma bakin fartanya, tururi ya tashi, ya ƙwanƙwasa, ƙarfen ya yi ƙara mai daɗi. Mutane suka gyaɗa kai. Yaya ya ja da baya, don ɗa ba ya musu da uba a gaban jama'a.

Gaskiya motar ta yi kyau. Ta tashi tsaye a kan manyan ƙafafunta, ta daina karta ƙasa, masu dariya suka koma roƙon a ɗana su.

Ana gobe jarrabawa Ustaza ta tara mu za mu hau lorin kasuwa, mu kwana a Sinja. Inna ta ƙulla mini kisira da dabino a ɗankwali, ta ɗinke mini yagar riga. Ina bakin ƙofa da ƙullina Baba ya tare ni. "Ɗiyata ba ta hawa lori bisa buhunan albasa awa akuya. Gobe da motar yayanta za ta shiga Sinja." Inna ta ce, "Malam, bar ta dai ta bi Ustaza." Yaya ya yi dariya ya ce kafin lori ya yi nisa shi ya je ya dawo. Babu wanda ya tambaye ni. Na tsaya ina kallon Rakiya, ƙawata, wadda nake koya wa rabawa, tana ɗaga mini hannu daga saman buhuna.

Mun fita bayan sallar asuba. Ni a kujera kusa da Yaya, Baba kuma ya ɗare bayan motar da sabuwar jallabiya, ga buhun fartanyoyi da ya ce zai sayar tunda an samu tafiya. Ina jin iska a fuskata ina maimaita jadawali a zuci, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Mun yi nisa da gari, babu komai sai karan dawa hagu da dama, Yaya ya taka wani rami bai rage gudu ba. Na ji ƙas, ƙara ɗaya. Bayan motar ya zauna a kan tayar hagu, gefen jikinta ya yanke robar, muka juya muka tsaya cikin kara. Ba wanda ya ji ciwo. Ƙafar ajiya babu, ba ranar kasuwa ba ce balle lori ya biyo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba ya durƙusa ya zaro guntun fallen, yana juya bakin karayar da ya yi fari kamar gishiri, yana cewa ƙarfen Bature ne ba shi da kyau. Bai dube ni ba. Ina zaune da fensir a hannu ina kallon rana tana hawa.

Wani mai amalanken jaki ne ya kai ni Sinja. Na iso 'yan mata suna fitowa suna tambayar juna amsoshi. Ustaza ta shiga wajen masu jarrabawa ta roƙa, ta fito idonta ya yi ja. Rakiya ta gaya mini tambayoyin lissafin, na ba ta amsarsu duka a tsaye a bakin ƙofa.

Maimaita aji bai yiwu ba, na bayanmu sun cika benci. Rakiya ta ci, ta wuce, ta zama malamar asibiti a Wad Madani. Yaya ya sayar da motar ya koma tuƙi, ya riƙa kawo mini atamfa duk zuwa, maganar dai bai taɓa ɗaga ta ba. Baba kuma, da damina ta faɗi, ya ɗauko guntun fallen nan ya ƙera 'yar fartanya daidai hannuna, ya yi mata ƙota mai santsi, ya ajiye a ƙofar ɗakinmu. Na san haƙurin da zai iya bayarwa ke nan. Na ɗauka, amma ban yi godiya ba.

Yanzu kwalta ta ratsa ta kusa da mu, jikata tana hawa rikisha mai ƙafa uku ta je makaranta tana ƙorafin ƙura. Samari suna tsayawa a tasha suna gardamar faɗin taya da tsayin mota, in na wuce sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Baba da Yaya duk sun rasu, ina yi musu addu'a, ɗacin dai bai tafi ba. Fartanyar tana nan rataye a rumfa, bakinta ya cinye ya koma ɗan yatsa. Shekara da shekaru na yi noma da ita, ko sau ɗaya ba ta karye ba.