Ƙanena da Tsohon Ƙetaren Iyaka

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, ina saurayi ina kabu-kabu tsakanin Jibiya da Magama, aka yi wani abu a gidanmu wanda har yau ban manta da shi ba.

Mu a gidanmu dogaye ne sirara. Ni kam abokai cewa suke in iska ta taso in riƙe mashin da kyau, don shi ne nauyina. Yayyena mata haka suke, mahaifiyata ma haka. Mahaifina, wanda dillalin hatsi ne a kasuwa, ya ɗan fi mu kauri, amma ba wanda zai kira shi mai jiki. Sai autanmu ya zo daban. Tun yana jariri kansa babba ne, ya kuma yi jinkirin magana. Da ya kai shekarun shiga firamare sai ci ya buɗe masa, irin cin da babu ƙoshi a ƙarshensa. Zai gama tuwonsa, ya suɗe kwano, ya zauna yana kallon naka da idon tausayi har sai ka tura masa. Mahaifiyata ta ɓoye tukunya, ta kai shi asibiti aka ba shi maganin tsutsar ciki, ta karɓo masa rubutu, duk a banza. Kafin ya shekara goma sha ɗaya ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba. In na goya shi muka bi ta shingen kwastan, sai jami'an su tare mu suna dariya, su ce wannan kayan an yi masa takardar fito kuwa? Shi ma ya taya su dariyar, don ban taɓa ganin yaro mai sanyin hali kamarsa ba.

Wata rana a gidan suna, cikin taron mata, ya cinye kwanon shinkafar da aka zuba wa yara uku. Wata ta yi dariya. Sai gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta ce, "Mu dai a jininmu babu irin wannan. A tambayi uwarsa inda ta samo shi."

Wanda bai ga wancan lokacin ba, ba lallai ya gane nauyin wannan maganar ba. Kowa ya ji labarin matan da aka kai gaban alƙali kan zargi irin wannan, kowa kuma ya san cewa wanda ya yi wa mace ƙazafi babu shaidu, bulala tamanin ce hukuncinsa. Mahaifiyata ba ta yi kuka a wurin ba. Ta ɗauki mayafinta, ta kama hannun ɗanta, ta dawo gida, ta tsaya a gaban mahaifina.

"Malam, ƙanwarka ta jefe ni a gaban mutane. Ko ta kawo shaidunta, ko ta karɓi bulalarta. Na ba ku zuwa bayan ranar kasuwa, daga nan ni da ita sai gaban alƙali."

Mahaifina ya rasa inda zai sa kansa. Ga matarsa da ya san ba ta da laifi, ga ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya wadda za a kwantar a bainar jama'a. Ya je ya ce wa gwaggo ta janye, ta ce ita abin da idonta ya gani ta faɗa, a nuna mata mutum ɗaya a danginsu mai wannan kan da wannan jikin. Mahaifina ya daina cin abinci. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na ɗauko ƙanena daga makaranta, muna tafe ya ɗora haɓarsa a kafaɗata ya ce, "Yaya, wai ni ba ɗan Baba ba ne?" Na taka birki a gefen hanya. Na sauka na saya masa rake.

Ana cikin haka labari ya kai wa kakata, mahaifiyar babana, wadda take zaune a Gangara. Ta iso da sandarta, ta zauna a tsakar gida, ta sa aka kira gwaggo.

"Ke mi kika sani a jininku?" in ji ta. "Nan Jibiya aka haihe ki. Ubanki yana da ƙane can ƙetare, bayan Ɗan Isa. Sun ɓata kan gona tun kahin mu taho, ya hana ni ko ambaton sunansa, ni ko na riƙe mashi har bayan ransa. Na daɗe ina kallon yaron ga ina shiru. Gobe ku shirya mu tahi."

Mahaifiyata ta ce ita ba inda za ta je, don ba ta da abin da za ta je nema. Sai muka tafi mu biyar: ni, mahaifina, kakata, gwaggo da ƙanena. Muka shiga a-kori-kura daga Magama, muka isa duwan, wato shingen kwastan na Nijar, jandarma ya leƙa ya ga tsohuwa ya ce mu wuce. Daga Ɗan Isa sai amalanken shanu, cikin rairayi, gero ya rufe mu hagu da dama don damina ce. Gwaggo ta juya mana baya tana kallon inda muka fito.

Da hantsi muka shiga ƙauyen. Kakata ta tambayi wata mata a bakin rijiya, ta nuna mana wata bishiyar gawo a ƙofar wani gida. A gindinta akwai wani tsoho zaune bisa tabarma yana tufkar igiya.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na gani ba. Ƙanena ne zaune a wurin, sai dai ya yi furfura. Kan nan mai faɗin goshi, wuyan da ya nutse cikin kafaɗu, gajerun yatsu masu kauri, har yadda yake zama ya ware ƙafafu don cikinsa ya sami wuri. Muka yi sallama. Ya ɗago, ya buɗe baki, ya tsaya jim kamar yana laluben kalmar kafin ta fito, daidai yadda ƙanena yake yi. Na waiwaya na ga gwaggo ta zame ta zauna a kan rairayi, hannunta a baki.

Tsohon bai gane kakata ba tukuna. Idonsa na kan yaron. Ya ajiye igiyar, ya miƙa hannu.

"Wanga ɗan wa ne? Taho nan." Ya shafa kansa, ya juya tafin hannunsa ya duba, ya ɗora nasa a kai. "Wanga namu ne. Haka kakana yake, shi na biyo. Ni na aza daga kaina abin ya ƙare."

Sai kakata ta kira shi da sunan da take kiransa tun tana amarya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambayi yayansa. Ta ce ya rasu. Mahaifina, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya durƙusa a gaban baffan da bai taɓa sani ba, yana kuka kamar yaro. Aka kawo fura a babbar ƙwarya. Tsoho da yaro suka sa ta a tsakiya, mu kuwa muka zauna muna kallonsu har suka ga ƙarshenta.

Da muka dawo, gwaggo da kanta ta tara matan da suka ji maganarta ta farko, ta durƙusa a gaban mahaifiyata ta ce ta yi ƙarya, a yafe mata. Mahaifiyata ta ce, "Na yafe miki don Allah. Amma ki sani, ko da kun je kun tarar tsohon nan ya mutu, ɗana ɗan ubansa ne." Maganar alƙali ta mutu a nan.

Shekaru suka wuce, kakata da tsohon da mahaifina duk suka riga mu gidan gaskiya. Ƙanena ya girma, ya buɗe shagon sayar da igiya da buhunan zuba hatsi kusa da tashar manyan motoci, ya yi aure. Sai numfashi ya fara yi masa wuya in yana barci, muka kai shi babban asibitin koyarwa. Likitar da ta duba shi ta auna kansa, ta yi ta tambayata tarihin gida, na ba ta labarin tsohon. Ta ce suna wani bincike tare da abokan aikinsu na waje, in mun yarda a ɗebi jininsa. Muka yarda, muka ma manta. Bayan watanni muka koma ganin likita, ta ce mu zauna.

Ta ce a cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai saƙon gado, kuma kusan kowane sashe nasa kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani lokaci wajen kwafewa sai wani ɗan guntu ya ɓace, mutum ya tashi da ɗaya maimakon biyu, ko kuma ya maimaitu ya zama uku. Kowa yana da irin wannan ragi da ƙari a wurare daban-daban, yawanci ba sa yin komai. Amma akwai wuraren da suke taɓa girman jiki da siffarsa. Ƙanena a irin wannan wurin aka sami kwafi ɗaya, kuma masu wannan ragin sukan zo da babban kai, jinkirin magana, da yunwar da ba ta jin ƙoshi. Ta ja mana kunne cewa ba kowace ƙiba ce haka ba, nasa ne dai ya zo a haka.

Na ce to yaya aka yi ya tsallake mahaifinmu? Ta ce mai yiwuwa bai tsallake shi ba, don abin yakan fito sosai a jikin wani, ya lafa a jikin wani. Ta tambaye ni ko babanmu yana da babban kai. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna bai taɓa sayen hula a kasuwa ba, kullum sai dai a ɗinka masa tasa, don babu wadda take shigarsa. Mun rayu da mutumin nan shekara da shekaru ba mu lura ba.

Abin da ta faɗa daga ƙarshe shi ya fi girgiza ni. Ta ce mutanen da suke da kwafi uku a daidai wannan wurin, su kuma akasin haka suke fitowa: ƙaramin kai, jiki a rame, a yi ta fama da su su ci abinci. Wuri ɗaya ne. A rage, mutum ya cika ƙofa. A ƙara, ya zama kamar sillen kara.

Tun daga ranar, in na tsaya a sahun baya ranar Juma'a na ga bayan mutane, dogo da gajere, mai faɗi da siriri, sai in ji wani irin tsoron Allah ya kama ni. Abin da ido ba ya gani, wanda ko ƙwayar gero ta fi shi girma sau ba adadi, shi ya ratso daga kakan wani tsoho a ƙauyen Nijar, ya ƙetare iyaka ba wanda ya tare shi, ya kwanta shiru a jikin mahaifina, ya farka a jikin ƙanena. Mu kuwa muna nan muna yanke wa mutane hukunci da ido, har mace ta kusa rasa mutuncinta a kai.

A mota muna dawowa daga asibitin, ƙanena ya yi ta laluben magana a ransa kamar yadda ya saba. Muna dab da shiga Jibiya ya juyo ya dube ni.

"Yaya, ashe ni ragi aka yi mini," in ji shi, "kuma na zo na fi ku duka yawa."