Zaren Hannun Cindo

Cindo ɗan mahauta ne a Yelwa, kuma tun muna yara girman jikinsa ya zama abin tsokana. In zai shiga kwalekwale, masunta kan ce a fara sauke buhu biyu tukuna. Mu maƙwabta mun ɗauka a teburin nama zai tsufa kamar ubansa, sai dambe ya ɗauke shi.

Da kaka, in an gama yankan shinkafa, yakan bi filayen dambe daga Shanga har ƙasar Ngaski. Ba shi da zafin nama, ba shi da zilliya. Tsayawa yake a yi ta dukansa a ka har abokin karawa ya gaji, sannan ya sauke masa hannu ɗaya. Jama'a na ihu, ni kuwa haushi ke cina, don kan mutum ba turmi ba ne. Na sha faɗa masa, sai ya yi dariya ya ce ni matsoraci ne.

Yana da wata al'ada. Ba a ɗaure masa hannu da zaren dambe sai 'yarsa Yasira ta riƙe bakin zaren. Tun tana tatata take riƙewa, wai hannunta ke da sa'a.

Bayan ya ajiye dambe sai hannunsa ya soma rawa, har wuƙa ta gagare shi. Daga nan ya fara ɓata tsakanin kasuwa da gida. Yasira, wadda ta yi aure a Shanga har da 'ya'ya, ta dawo jinyarsa. Ita ke ba shi abinci a baki, shi kuma ya ce, "Na gode, baiwar Allah," kamar baƙuwa. Ba ta neman komai wurinsa, illa ya dube ta ya kira sunanta.

Bara ta je ta roƙi Ɗanbaba, tsohon makaɗinsa, ya zo da kalangu ko takensa zai farkar da shi. Ina tsakar gidan bayan la'asar aka soma kiɗan. Wallahi sai ga Cindo ya miƙe tsaye ba mai tallafa masa, ƙirji a buɗe. Ya miƙa hannun dama don a ɗaure masa.

Yasira ta ɗauko tsohon zaren da gudu, ta durƙusa, ta kama bakinsa tana kuka tana murmushi. "Baba, ga ni," in ji ta.

Ya dube ta da kyau, har na ce a raina an dace. Sai ya janye hannunsa a hankali.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, ba ke ba," ya ce. "A kiro min ɗiyata Yasira. Ita ka riƙe min."